Gafiya da mujiya: abin da ya haɗa su da abin da ya raba su

Gafiya da mujiya halittu ne biyu da ke zaune tare da jama'a a birnin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Tsibirin Gobir da Jiratawa. Dukansu da dare suke fita, shi ya sa mutane da yawa sun fi sanin sawun ɗaya da kukan ɗaya a kan kamanninsu. Gafiya dabba ce mai shayarwa, tana gina rami ta zauna ƙarƙashin ƙasa. Mujiya kuwa tsuntsuwa ce mai farauta, tana wuni a kogon itace ko cikin rufin tsohon gini. Hukuncin da jama'a suka yanke musu ya sha bamban. Gafiya an san ta da sata, amma ana farautarta a ci namanta. Mujiya kuma ana jifanta ana korarta, domin ana ɗaukar kukanta a matsayin mugun abu. Sai dai in aka duba abin da kowaccensu ke ci, za a tarar wadda ake kora ita ce ke rage wa manomi asarar hatsi.

Sunaye da dangi

Masana kimiyya suna kiran gafiyar Afirka ta Yamma da sunan Cricetomys gambianus. Ana samunta tun daga Senegal har zuwa Sudan, kudancin Nijar kuma yana cikin gefen arewa na mazauninta. Wasu Hausawa suna ce mata burgu. Duk da cewa ta yi kama da ƙaton ɓera, ko kusu kamar yadda ake faɗa a ƙasar Katsina da Gobir, masana sun sanya ta a wani gida dabam da na ɓeran ɗaki. Babbar alamarta ita ce jakunkuna biyu da ke cikin kumatunta, inda take cusa abinci ta kai rami.

Mujiya, wadda wasu ke ce wa duji, suna ne da ya tattara tsuntsaye sama da iri 200 a duniya. A yankin Maraɗi akwai iri fiye da ɗaya. Akwai babba mai ruwan toka, mai tukkaye biyu a ka kamar kunnuwa, akwai kuma ƙarama mai farar fuska da ke ɓuya cikin itatuwa masu ƙaya. Wadda ta fi kusantar gidaje ita ce farar mujiya, wadda masana ke kira Tyto alba. Ana samunta a Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, danginta na kusa kuma sun bazu a Asiya da Amurka da Ostireliya. Ita ce ake nufi a mafi yawan bayanan da ke ƙasa.

Girma da siffa

Babbar gafiya tana kai kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi. Tsawonta daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yana iya kusantar santimita 90, kusan rabinsa kuma wutsiya ce. Bayanta ruwan ƙasa ne mai toka-toka, cikinta fari. Wutsiyar ba ta da gashi sosai, rabinta na farko baƙi ne, na ƙarshe fari, kuma da wannan ake saurin bambanta ta da sauran ɓeraye. Haƙoranta na gaba ba su daina tsiro muddin tana raye, don haka dole ta riƙa gwaguyar abu mai tauri domin su rage tsawo. Wannan ne dalilin da ya sa take huda buhu da ƙwarya da ƙofar katako.

Farar mujiya ta fi gafiya girma a ido idan ta buɗe fukafukai, domin faɗinsu yana kai santimita 80 zuwa 95. Amma yawancin girman nan gashi ne. Tsawon jikinta santimita 33 zuwa 39 ne, nauyinta kuma bai cika wuce giram 300 zuwa 400 ba. Wato gafiya guda ta yi nauyin mujiya uku ko huɗu. Fuskarta fara ce, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, idanunta baƙaƙe, bayanta ruwan zuma mai ɗigo-ɗigo. Makamanta su ne farata masu kaifi da lanƙwasasshen baki. Macen ta ɗan fi namijin nauyi, kamar yadda yake a yawancin tsuntsaye masu farauta.

Inda kowacce ke zama

Gafiya tana son ƙasa mai laima da inuwa, domin ba ta jure zafi. Shi ya sa aka fi cin karo da ita a fadamar Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji kafin ya sake komawa Najeriya. Garake da gonakin mangwaro da ke bakin gulbin suna ba ta abinci da mafaka. Haka ma filin noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, inda ake noma zogale da masara da barkono da sauran kayan lambu. Wuri ne da ba a rasa ruwa da ɗanyen abinci ko da rani ya yi tsanani. A cikin birni kuwa, wanda aka mai da bisa tudu bayan ambaliyar 1945, gafiya tana samun wurin zama a magudanan ruwa, gindin tsofaffin katangu, juji, da ƙarƙashin shagunan ajiyar hatsi.

Raminta gida ne mai tsari. Yana da ɗakin kwana da aka shimfiɗa wa ganye, da wurin ajiyar abinci, da wurin bahaya, da ƙofa fiye da ɗaya domin gudu. Sau da yawa tana toshe bakin ramin daga ciki da ƙasa ko ganye. Takan kuma shiga tsohuwar suri ko ƙarƙashin saiwar itace maimakon ta fara gini daga farko.

Mujiya ba ta gina komai. Ko sheƙa ba ta yi. Abin da take nema shi ne wuri mai duhu, mai tsayi, wanda ba a damunta: kogon kuka ko na gawo ko na tsamiya, tsakanin kwano da silin na makaranta ko ofis, hasumiyar masallaci, ƙarƙashin tankin ruwa, ko gidan da aka daina zama. Daga nan take fita da magariba zuwa fili, domin a buɗaɗɗen wuri take farauta, kamar gonaki da bakin garake da filayen bayan gari. Ma'aurata biyu sukan riƙe wuri guda shekara da shekaru idan ba a tashe su ba.

Yadda suke gane hanya cikin duhu

A nan ne bambancinsu ya fi fitowa. Gafiya ba ta da ƙarfin gani. Hanci da kunne da dogayen gashin baki su ne jagororinta. Tana iya shinshino gujiya, wato gyaɗa, ko aya da ke binne cikin ƙasa, ta tono ta. Tana bin hanya guda kusan kullum, a gefen katanga ko darni, tana barin warinta a kai, shi ya sa mai neman kama ta ke fara neman turbarta.

Mujiya kuma ido da kunne ne ƙarfinta. Idanunta suna gani da ɗan hasken da bai ishi mutum ba, sai dai ba su juyawa cikin gurbinsu. Domin haka take juya kai gaba ɗaya, har zuwa digiri 270, abin da ƙasusuwan wuyanta 14 suka ba ta dama, alhali mutum 7 gare shi. Kunnuwanta ramuka ne da ke ɓoye a gefen fuska, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi. Faifan fuskar yana tattaro sauti ya kai musu, bambancin tsayin kuma yana sa ta gane ko motsin daga sama yake ko daga ƙasa. Wani masani ɗan Amurka, Roger Payne, ya gwada haka a ɗaki mai duhu ƙirin, ya tabbatar cewa farar mujiya tana kama ɓera da jin motsinsa kaɗai.

Ƙari a kan haka, tashinta ba shi da ƙara. Gashin fukafukanta yana da laushi, gefen na gaba kuma yana da ƙananan haƙora kamar na mataji waɗanda ke kashe ƙarar iska. Hakan yana ba ta damar jin ɓera tana cikin tashi, shi kuma ba ya jin zuwanta.

Abinci

Gafiya ba ta zaɓen abinci sosai. Tana cin hatsi, dawa, masara, wake, gujiya, aya, rogo, dankali, ƴaƴan itace da suka faɗo, har da ƙwari da katantanwa. Halinta na tarawa ya fi cinta ɓarna. Tana cika kumatu ta kai rami, ta dawo, sau da yawa a dare ɗaya, har ta tara abin da ya fi ƙarfin cikinta. Masu tonon raminta sukan tarar da tulin gujiya ko ƙwallayen ƴaƴan itace, wani lokaci har da abin da ba a ci, kamar tsakuwa da ƙananan ƙarafa. Daga wannan hali ne Bahaushe ya samo karin maganar nan, gafiya tsira da na bakinki.

Mujiya nama kaɗai take ci, kuma mafi yawansa ƙananan ɓeraye ne. Tana haɗawa da jaɓa, jemage, ƙananan tsuntsaye, kwaɗi da manyan ƙwari idan ɓera ya yi ƙaranci. Babba guda tana cin ɓera 3 zuwa 4 a dare. Ma'aurata da ke ciyar da ƴaƴa suna iya kama sama da 1,000 a shekara. Tana haɗiye ɓera ɗungurungum, bayan wasu sa'o'i kuma ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule, baƙi, kamar girman babban yatsa. Duk inda aka ga waɗannan dunƙule a ƙasa, akwai mujiya a sama. Masana suna farfasa su domin su san irin ɓerayen da ke wani yanki.

Daga cikin abin da take kamawa akwai biyu da manoman Nijar suka sani da ɓarna. Na farko shi ne ɓeran rairayi mai dogayen ƙafafun baya, Gerbillus nigeriae, wanda ke bin layin shuka da dare yana tone irin hatsi, har manomi ya sake shuka. Na biyu shi ne ɓera mai nonuwa da yawa, Mastomys, wanda ke shiga ɗaki da rumbu. Ɓeran ciyawa da ke yawo da rana a garake, shi kuma shirwa da shaho ne suka fi kama shi.

Haihuwa da tsawon rai

Gafiya tana ɗaukar ciki kusan wata guda, ta haifi ƴaƴa 1 zuwa 5, tsirara, idanu a rufe. Suna balaga cikin wata 5 zuwa 7, uwar kuma tana iya haihuwa sau da dama a shekara idan abinci ya wadata. A hannun masu kiwo tana kai shekara 7 zuwa 8. Idan aka kwatanta ta da ɓera mai nonuwa da yawa, wanda cikinsa bai wuce mako uku da ƴan kwanaki ba kuma yana zuba ƴaƴa 10 ko fiye a haihuwa guda, gafiya ba mai saurin yaɗuwa ba ce.

Farar mujiya tana yin ƙwai 4 zuwa 7, farare, a kan dunƙulen aman da ta tara a kogonta. Ba ta yin su rana ɗaya, tana barin kwana 2 ko 3 tsakani, kuma tana fara kwanci tun daga na farko. Shi ya sa ƴaƴan ba su zama kai ɗaya. Kwancin yana ɗaukar kimanin kwana 30, namiji ke kawo abinci, ƴaƴan kuma suna fara tashi bayan wata biyu. Yawan ƙwan yana bin yawan ɓera: shekarar da ɓeraye suka yi yawa tana ƙara ƙwai, har takan yi kwanci sau biyu, shekarar da suka yi ƙaranci kuma ƙananan ƴaƴan sukan mutu da yunwa. A daji yawancinsu ba su wuce ƴan shekaru kaɗan.

Shin mujiya tana cin gafiya?

Farar mujiya ba ta iya ɗaukar babbar gafiya, domin ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, ga kuma haƙora. Abin da take iya kamawa shi ne ƴar gafiya da ta fara fita daga rami. Manyan mujiyoyi masu tukkaye sun fi ƙarfin haka, musamman mafi girmansu a Afirka, mai jan fatar ido, wadda ke wuce kilo 2 kuma tana cin bushiya da zomo. Sauran abokan gabar gafiya su ne mesa, muzurun daji, kare, da mutum.

Don haka wanda gafiya ta dama a garka kada ya sa ran farar mujiya za ta raba shi da ita. Amfanin mujiya yana kan ƙananan ɓeraye ne, waɗanda su ne suka fi yawa, suka fi saurin haihuwa, kuma jimillar ɓarnarsu ta fi ta gafiya.

Ɓarna, cuta da amfani

Ɓarnar gafiya a fili take. Tana kwashe amfanin gona, tana huda buhu, raminta yana raunana gindin katangar ƙasa, a filin noman rani kuma ramin da ta gina gefen magudana yana sa ruwa ya zurare. Akwai kuma batun lafiya. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya gano ƙwayar cutar leptospira a jikin gafiya da ɓeran ciyawa da aka kama a garaken Yamai. Ƙwayar tana fita ta fitsarin dabbar ta shiga ruwa ko laka, ta kama mutum ta rauni a ƙafa ko hannu, ta kawo zazzaɓi da akan ɗauka na cizon sauro ne. Wannan ya shafi duk mai aiki ba takalmi cikin ruwan ban ruwa. A 2003 ma, gafiyoyi suna cikin dabbobin da aka kai Amurka daga Ghana waɗanda suka haddasa ɓullar ƙyandar biri a can, abin da ya sa ƙasar ta hana shigo da ɓerayen Afirka. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera mai nonuwa da yawa ne babban mai ɗauke da shi, wato ɗaya daga cikin waɗanda mujiya ke ci.

Gafiya tana da nata amfanin. Namanta abinci ne a wurare da dama na Afirka ta Yamma, har masana a Jami'ar Ibadan suka yi gwajin kiwonta a shekarun 1970. Tana cin ƙwari, ƙwallayen da ta binne ta manta kuma wasu suna tsirowa. Sai dai farautarta tana da haɗari. Tsohon rami yakan zama gidan maciji, wutar da ake turawa don hayaƙi ya fito da ita kuma takan kama ciyawa ko darni.

Laifin mujiya bai da yawa: kashi da wari a cikin silin, da ƙara da dare. Zargin ɗaukar ƴan tsaki yawanci na shirwa da shaho ne, waɗanda ke farauta da rana. A lokacin da mujiya ke fita, kaji sun riga sun shiga akurki.

Camfi da matsayinsu a bakin jama'a

Kukan farar mujiya doguwar ƙara ce mai kaushi, kamar ana yaga ƙyalle. Ƴaƴanta kuma suna wani huci mai kama da minshari idan suna neman abinci. Wanda ya ji haka cikin rufin ɗaki da tsakar dare, ko ya ga farin abu ya gifta ba ƙara, ba abin mamaki ba ne ya tsorata. Daga nan aka danganta ta da mutuwa da maita da ciwon yara, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, har a Turai da ƙasashen Larabawa. A gaskiya kukan kira ne tsakanin namiji da mace, ko kuma gargaɗi ga wata mujiya da ta shigo mata wuri. Saukarta a kan gida kuma yakan nuna cewa akwai ɓera a kusa. Malaman addini suna tunatar da cewa akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya kore camfi da tsuntsaye, kuma masu sharhi da dama sun ce mujiya tana cikin abin da aka ambata.

Idan mujiya ta fito da rana, ƙananan tsuntsaye sukan taru a kanta suna tsiwa suna kai mata sara har ta bar wurin. Daga nan ne ake cewa an mai da wane mujiya, wato an tsangwame shi an ware shi. Gafiya ita ma ba a yabonta, sunanta yana tafiya da sata da haɗama, amma ba a tsoronta.

Yadda wasu ƙasashe suka sa su aiki

Ƙarfin hancin gafiya ya ba ta aiki a duniya. Ƙungiyar APOPO, wadda wani ɗan Beljiyam mai suna Bart Weetjens ya kafa a 1997, tana horar da wata ƴar uwar gafiyar nan ta gabashin Afirka a Jami'ar Noma ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya. Ana koya musu shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, kuma rashin nauyinsu ya sa ko sun taka nakiya ba ta tashi. Sun yi aiki a Mozambik da Angola da Kambodiya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ya sami lambar zinariya daga wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila a 2020 saboda nakiyoyin da ya gano a Kambodiya, ya mutu a watan Janairun 2022. Ana kuma horar da su gane tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya, inda guda ke duba samfur 100 cikin kimanin minti 20.

Mujiya ita ma an ɗauke ta aiki. A Isra'ila, tun 1983 manoma suka fara kafa mata akwatuna a gonaki domin rage amfani da guba. Yanzu akwatunan sun kai dubbai, manoman Jodan da na Falasɗinu kuma sun shiga tsarin. A Maleshiya ma an daɗe ana yin haka a gonakin kwakwar manja. A duk wuraren nan, mujiya ba ta ƙarar da ɓera gaba ɗaya ba, amma ta rage yawansa da kuɗin da ake kashewa kan magani.

Guba da itatuwa

Abu biyu ne suka fi shafar makomar mujiya a yankin Maraɗi. Na farko maganin ɓera da ake sayarwa a kasuwa da bakin titi. Wani irinsa ba ya kashewa nan take, yana tsinka jini ne a hankali, ɓeran ya yi kwanaki yana yawo a galabaice. Irin wannan ɓera shi ne mafi sauƙin kamu ga mujiya, sai gubar ta taru a jikinta ko ta kai wa ƴaƴanta. Idan mujiyar ta mutu, ɓeraye suna dawowa cikin ƴan watanni, ita kuwa sai an daɗe kafin wata ta maye gurbinta. Guba ɗin kuma haɗari ce ga yara da kaji da kyanwa.

Na biyu shi ne wurin kwana. Jahar Maraɗi ta yi suna a duniya da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara su, aikin da ya ƙarfafa tun shekarun 1980 tare da gudummawar Tony Rinaudo ɗan Ostireliya. An ƙiyasta cewa ya mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Waɗannan itatuwa suna ba tsuntsaye masu farauta wurin sauka. Sai dai sabon itace ba shi da kogo, sai ya tsufa. Don haka kowace tsohuwar kuka ko gawo da aka sare, an rage wa mujiya ɗaki ne da ba za a samu madadinsa da wuri ba.

Abin da mai gida da mai garka za su iya yi

Maganin gafiya yana farawa da hana ta abinci da mafaka. Rumbu ya kasance a ɗage bisa duwatsu ko ƙafafu, a share ciyawa da tarkace daga gindinsa. A shago, a ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka gwada a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, yana kashe ƙwarin wake, amma haƙorin ɓera yana huda shi, da ya huje kuma amfaninsa ya ƙare. A toshe ramukan gindin katanga da siminti ko duwatsu, a rufe kwandon shara. Tarko a kan turbarta ya fi guba aminci. Mai feɗe ta ya kiyaye jininta idan yana da rauni a hannu, a dafa naman ya nuna sosai, kada kuma a ci wadda aka tsinta a mace, domin mai yiwuwa guba ce ta kashe ta. Masu aiki cikin ruwan garka su sa takalmin roba.

Game da mujiya, abin da ake buƙata shi ne a ƙyale ta. Idan ta shiga silin tana damun masu gida, a jira ƴaƴan su tashi kafin a toshe ƙofar. Ɗan mujiya da ya faɗo ƙasa, a mai da shi inda ya fito, domin iyayen ba su ciyar da shi a ƙasa. Mai garka a Jiratawa ko bakin gulbi a Tsibiri yana iya sa kafinta ya haɗa masa akwatin katako mai faɗi da tsayi kimanin rabin mita, da ƙofa mai faɗin santimita 15 a can sama, a zuba ɗan dusar katako a ciki. A kafa shi a tsayin mita 3 ko fiye, a cikin inuwar itace domin zafin bazara yana kashe ƴaƴan, ƙofar tana fuskantar fili. Mujiya takan ɗauki watanni kafin ta shiga, kuma ba za ta zauna ba idan maƙwabta suna zuba guba, don haka tsarin ya fi tafiya idan ƙungiyar manoma ta amince da shi tare.